Igiyar Bassu

Ni na fara ganin alfadarin. Duk wanda ya ce maka shi ne, ƙarya yake yi, ko da liman ne. Ranar da sama ta buɗe, bayan dusar ƙanƙara ta gaji da zuba, kowa a Tagunt yana kan soronsa da shebur ɗin katako yana turo ta ƙasa kada rufi ya rufta, kowa kansa a sunkuye. Ni kaɗai, Addi ɗan Zaid, na ɗaga kai. Can ƙarƙashin mashigin dutse, inda fari ya haɗu da shuɗi, na hango wani baƙin ɗigo kamar ƙuda a ƙwaryar nono.

Na ƙwala wa maƙwabcina kira na ce ga alfadarin Hammu can. Ya kare ido da hannu ya duba, ya ce dutse ne.

Na ce, “Dutse? Ka taɓa ganin dutse yana kaɗa wutsiya?”

Ya ce ban ga wata wutsiya ba daga nan. To, shi ne bai gani ba. Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, shi ya sa idona bai lalace ba.

Hammu mijin ’yata Tuda ne. Ya ƙetare dutse zuwa kasuwar bayan tsauni don ya kawo gishiri da sukari da kananzir kafin hanya ta rufe, sai ƙanƙara ta riga lokacinta. Kowa ya ce ai yana can gidan dangin uwarsa yana shan shayi har sai ta lafa. Ni ma na so in yarda. Amma alfadari ba ya tsayawa cak a kan dutse yana ganin gida a ƙasa, sai in mai shi yana kusa. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne wurin da ya tsaya. Hanya a nan hagu take karkata. Shi yana dama, ta wajen ramin da wani yaron garinmu, Idir, ya faɗa da kaka.

Aka taru a jikin bangon masallaci inda rana ke bugawa. Samari duk sun tafi birni neman aikin hunturu, sai mu da furfura ta fara kamawa. Mai gari Assu ya saurare ni, ya tuna mini abin da na riga na sani: a garinmu ba a hawa dutse mutum ɗaya cikin ƙanƙara, wanda ya hau shi kaɗai kuma ba a bin sawunsa. Ya ce wa zai raka Addi? Maza suka shiga kallon takalmansu kamar ranar suka fara ganinsu.

Sai Bassu ya miƙe ya ce shi zai je.

Da kaka, ranar da ake sauko da dabbobi daga makiyayar sama, Idir ɗan Bassu da Hammu su biyu suka rage a baya da garke. Hammu ne kawai ya dawo. Ya ce yaron ya zame ya faɗa rami. Aka ɗauko gawa aka binne, amma tun ranar Bassu bai sake amsa sallamar kowa daga gidana ba, matarsa kuma in ta haɗu da Tuda a bakin rijiya sai ta tofar da yawu ta juya tulunta. To mutumin nan ne yau ya fi kowa son a je a ceto Hammu. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ai ɗauka zai yi.

Na ce, “Kai da wa?”

Ya ce, “Ni da kai, tsohon bunsuru, tunda idonka ya fi na kowa. Kana da doguwar igiya a gidanka?”

Ba ni da ita. Duk garin igiyarsa ce kawai ta kai, ta gashin akuya, wadda ubansa ya tufka yana sauka da ita jikin dutse ɗibar zuma. Mai gari ya ce an gama magana.

Tuda ta naɗe mini ƙafafu da ulu, ta ɗaure fatar akuya a kai, ta rambaɗa mini kwalli kada hasken ƙanƙara ya ci mini ido.  Da ta zo ɗaura mini burodin sha’ir a bakin alkyabba sai ta yi ƙasa da murya ta ce, “Baba, kada ka bari ya riga ka isa wurinsa.”

Na ce, “Tun kafin a haifi uwarki nake rigan mutane isa wuri.”

Muka kama hanya. A sabuwar ƙanƙara na gaba shi ke shan wuya, shi yake fasa hanya, tana kai masa gwiwa, wani wurin har ƙugu, na baya sai ya zuba ƙafa a sawunsa. Don haka ake karɓa-karɓa. Na saba da wannan tun ina yaro, amma ban taɓa lura da cewa na gaba bayansa yake ba wa ɗan’uwansa ba sai ranar. In ina gaba, ƙeyata ta dinga yi mini ƙaiƙayi, ina jin numfashinsa da ƙarar sandarsa mai bakin ƙarfe. In yana gaba kuma sai in ga yana sauri fiye da ƙima, kamar mai alƙawari da wani a sama. Ko ina ya tsaya ban ji daɗin wurin ba.

Na ce, “Bassu, gudun me kake yi? Ko ka bar tukunya a wuta can?”

Ya ce, “In ƙafarka ta gaji ka faɗa, in goya ka.”

“Ƙafata? Ni da na sauko da maraƙi a wuya daga makiyayar sama shekarar da kogi ya daskare?”

“Ɗan akuya ne. Ina wurin.”

“Maraƙi ne. Kana wurin amma kana bayan uwarka.”

Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba, wannan shi ya fi damuna. Mutumin da ba ya fushi da baƙar magana, akwai abin da ya fi ta nauyi a cikinsa.

A bukkar makiyaya ta ƙarshe muka tsaya muka huta a bakin ƙofa. Ya ciro busasshen ɓaure ya miƙo mini guda. Na karɓa na mayar masa, na ɗauki wanda yake shirin kai wa bakinsa. Ya dube ni, ya ci wanda na mayar, ya ce, “Allah Ya shirye ka, Addi.” Na ce amin, Ya shirye mu duka.

Daga nan hawa ya yi tsanani. Iska ta tsaya, rana ta ƙwalle, ko ina fari fat har ido yana hawaye duk da kwallin. Hanyar mashigi da tsibin duwatsu ake gane ta. Kakanninmu suka jera su, siriri kowanne, da dogon dutse guda a tsaye a kansa, yadda in kana jikin ɗaya za ka hango na gaba. Ranar kuwa ƙanƙara ta binne su kaf. Da ƙafa na dinga gane hanya, da yadda ƙasa ke karkata a ƙarƙashina, don ni ko an ɗaure mini ido zan kai ka mashigin nan in dawo da kai. Muna zagayo wata kafaɗar dutse sai ga tsibi guda a sama, ya fi mutum tsayi, da dogon dutsensa a tsaye, shi kaɗai baƙi a cikin farin nan duka. Alfadarin yana gefensa da kayansa a baya.

Na tsaya cak. Wannan tsibin ba a kan hanya yake ba. Yana dama, daf da bakin rami. Duk wanda ya sauko daga mashigi cikin guguwa, ba ya ganin tafin hannunsa, shi kaɗai zai hango, kuma shi zai nufa yana hamdala.

Na juya na fuskanci Bassu, na gyara riƙon sandata. Na ce, “Wa ya gina wancan?”

Ya ce, “Ka sani.”

“Ina so in ji daga bakinka.”

“Nan ɗana ya faɗi. Ko shi ma sai na nemi izininka?”

Gaskiya na san an yi wa Idir tsibi, kowa ya sani. Haka muke yi: inda rai ya fita ba a kan shimfiɗa ba, dangi su tara duwatsu, duk mai wucewa ya ɗora guda ya yi addu’a, ba kuma mai cire ko tsakuwa daga ciki, don wanda ya cire ya ɗauki ƙaddarar mamacin ya kai gidansa. Idir yaro ne mai jama’a, makiyayan kwari biyu da fataken kasuwar ƙarshe duk sun ɗora nasu, har tsibin ya yi wannan tsayi. Wannan ban yi mamakinsa ba. Amma tsibin mamaci shimfiɗaɗɗe ake yi, ba a kafa masa dutse a ka. Dutsen tsaye na hanya ne, jariri ma ya san haka.

Na ce, “Dogon dutsen da ke kansa fa? Shi ma masu wucewa ne?”

Ya ɗaga kai ya dubi dogon dutsen. Can ya ce, “Ni na kafa. Uwarsa ba ta iya hawa. Ta ce in yi yadda za ta dinga hangowa daga soro.”

“Ka kuma san wanda zai sauko ta nan ƙarshe kafin hanya ta rufe.”

“Duk garin an sani. Matsa, Addi, rana na tafiya.”

Ban matsa ba, na juya na wuce gaba, don in riga shi.

Alfadarin ƙanƙara ta daskare masa a geza da gashin ido, ya tattake wuri guda ya yi rami ya ƙi gusawa. Gaba da tsibin kaɗan iska ta gina leɓen ƙanƙara da ya zarce bakin dutse, irin wanda kake gani kamar ƙasa amma babu komai a ƙarƙashinsa. A tsakiyarsa akwai wawakeken giɓi sabo. Na kwanta rub da ciki na ja jiki na leƙa. Na ƙwala kira.

Wata murya ta taso daga ƙasa kamar ta ɗan akuya. “Baba?”

Yana can a kan wani ɗan tudu da ya fito daga jikin dutsen, faɗinsa bai fi tabarma ba. Ƙanƙarar da ta rufta da shi ita ta yi masa katifa. Ya duƙunƙune cikin alkyabba, ƙafa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ƙasa da shi kuwa sai sarari, sai duwatsun da aka tsinci Idir.

Na ce, “Kai Hammu, gishirin da aka aike ka ke nan?”

Ya ce, “Baba, hannuna ba ya riƙe komai. Kai da wa?”

Na ja jiki na koma baya. Bassu ya riga ya kwance igiya.

Ga inda na tsinci kaina. Hammu ba zai iya ɗaura wa kansa igiya ba, dole mutum ya sauka. In Bassu ya sauka, na bar shi shi kaɗai da Hammu a kan tabarmar dutse, ɗan turi da gwiwa ya isa, ya ce zamewa ya yi, kamar yadda aka ce masa ɗansa ya zame. In ni na sauka, na ba shi mu biyu a bakin igiya guda. Na duba hagu na duba dama, babu itace, babu dutsen da za a ɗaura, sai alfadari da Bassu.

Ya ce, “Zaɓi. Ni duk ɗaya ne a wurina.”

Na ce, “Na san duk ɗaya ne a wurinka, shi ya sa nake tunani.”

Na zaɓi sauka. Na ce masa don ya fi ni nauyi ne, shi ya dace da riƙo. Amma dalilina shi ne, mutum yana iya kashe ɗaya ya ce tsautsayi, biyu kuwa sai ya yi wa mai gari bayani. Na ɗaura igiyar da hannuna a ƙirjin alfadari, na ɗaura ɗaya bakin a ƙuguna, na duba kowane ƙulli, na sake dubawa yana kallona. Na ce, “In na faɗi, Tuda tana kan soro tana ganinka.” Ƙarya ce, idonta bai kai nawa ba, amma shi bai sani ba.

Na sauka. Wani a shekaruna da ya tsaya yana salati, ni kuwa kamar na taka matakalar gidana. Na sami Hammu leɓɓansa sun yi shuɗi. Na tura masa ɓaure a baki, na ɗaure ƙafar da sandata, na juya na goya shi na ɗaure mu tare da rawanina da sauran igiyar. Ba zan aika shi sama shi kaɗai wurin Bassu ba, ba kuma zan hau in bar shi ba. Na ɗaga kai na ce a ja.

Ba a ja ba. Igiyar ta yi sako-sako, ta kwanto a kafaɗata.

Kan Bassu ya leƙo ta giɓin, rana a bayansa, ban ga fuskarsa ba. Ya ce, “Hammu.”

Na ji yaron ya sandare a bayana. Ya kira shi yadda muke kiran manya a garinmu, ya ce, “Dadda Bassu? Kai ne?”

“Ni ne. Gaya mini yadda ɗana ya faɗi.”

Na ce, “Bassu, ja igiya, ka yi shari’arka a masallaci!”

Ya ce, “Ba da kai nake ba. A masallaci ya ce ya zame. Idir ba ya zamewa, ni na koya masa tafiya a dutse. Me ya kai shi bakin nan?”

Na raɗa wa Hammu na ce ya faɗi abin da ya faɗa da, kada ya ƙara kada ya rage. Bai ji maganata ba, yaran yanzu ba sa ji. Ya ɗaga murya, haƙoransa na haɗuwa, ya ce, “Akuyata ce, Dadda. Ita ta sauka nan, kan tudun nan da muke. Na tsaya ina tsoro. Ya yi mini dariya ya ce in koma gida in taya Tuda tankaɗe, shi zai ɗauko. Ban hana shi ba. Na ji daɗi ma da ya ce zai je. Ya hauro da ita har kusa da baki ya miƙo mini, na karɓi akuya da hannu biyu. Da ya miƙo nasa hannun, nawa a cike suke.”

Na ce a raina shi ke nan, Addi, surukinka ya yanka mu da harshensa.

Kan Bassu ya ɓace. Shiru. Ban san iya tsawonsa ba, amma na karanta duk abin da na iya, na koma farko. Sai ga dutse ya wuce ta gefen kunnena, fuu, ya tafi ƙasa ban ji saukarsa ba. Wani ya biyo shi. Na manna Hammu da jikin dutse na rufe shi da jikina, na ɗaga murya na zagi Bassu, na zagi ubansa mai satar zumar Allah, na ce in namiji ne ya sauko mu yi da hannu.

Sai igiyar ta miƙe, ta ɗaure mini ƙugu kamar za ta raba ni biyu. Na ji yana yi wa alfadari tsawa. Muka fara tashi. Na kafa ƙafafuna a jikin dutse na dinga takawa da ƙaton namiji a bayana, wanda ba kowa zai iya ba ko a cikin samarin. Muka fito ta giɓin muka zube.

Da na share ƙanƙara daga idona na ga abin da ya yi. Igiya tana yanka leɓen ƙanƙara tana nutsewa, da an ja a haka da mun maƙale a ƙarƙashinsa. Sai ya sauke akumarin alfadari ya shimfiɗa a bakin giɓin don igiya ta bi ta kai, ya danne shi da duwatsu kada ya zame. Duwatsu kuwa babu su ko ina sai wuri ɗaya. Tsibin Idir ya rage rabi, dogon dutsen yana kwance a kan akumari. Waɗanda suka wuce ta kunnena su ne suka kuɓuce masa, in ji shi.

Hammu ya ga tsibin ya fashe da kuka, ya ce, “Dadda, ka cire?”

Bassu ya ce, “Rufe mini baki.” Bai ƙara ce masa komai ba har muka isa gari, ban kuma ji ya ƙara ce masa komai ba har shi Bassun ya mutu.

Na ce kada a mayar da dogon dutsen, a bar shi a kwance. Bassu ya riga ya bar shi, amma ni na faɗa. Muka ɗora Hammu a kan alfadari muka sauko, ni a gaba ina fasa hanya har ƙasa. Hammu ya rayu, da ɗingishi da yatsun ƙafa da suka ragu, Tuda ta haifa masa ’ya’ya cike da gida. Mutanen gari suka dinga zuwa gaishe da Bassu, wai ya ɗauki ƙaddarar ɗansa ya kai gida saboda wanda ya bar ɗan ya faɗi. Liman har huɗuba ya yi a kai. Ni da na sauka ramin, sai aka ce mini sannu.

Su yi ta yabo. Ni ne na naɗe igiyar da yamma a zaurena, ina bin ta da yatsa kamar yadda ake yi kafin a mayar wa mai ita. Kusa da inda na ɗaura wa alfadari na ji wani wuri ya kama mini yatsa. Na fita da ita haske. Tufka ɗaya cikin ukun a yanke take, ba cin dutse ba, ba tsufa ba, yanka ne sumul irin na wuƙa. Na kai masa har gida na nuna masa. Ya duba ya ce lokacin da yake yanke majayin akumari ne wuƙa ta goce. Na ce majayi yana ƙarƙashin cikin alfadari, igiya tana ƙirji, wace irin wuƙa ce mai tafiya haka? Ya ce, “Addi, kana raye ko ba ka raye?” Na ce ina raye. Ya ce to in tafi da igiyar, ba ya son sake ganinta.

Wasu sun ce sharri nake yi wa mamaci, wasu sun ce ni na yanke ta da kaina don labarina ya yi daɗi. To igiyar tana nan rataye a zaurena, ban gyara ta ba. Mai shakka ya jira ƙanƙara ta sauka ya zo mu hau tare, har yanzu ƙafata tana kai ni. In ɗaura masa ita a ƙugu, in zura shi ramin, in tsaya a sama in yi shiru iya shirun da Bassu ya yi. In ya fito sai ya gaya mini abin da yake tsammani na yi da hannuna a lokacin.